SHAYE-SHAYE, TAƁIN HANKALI DA HALLAKA KAI: ABIN DA YA WAJABA A KAN JAMA'A

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu rai aro, ya ba mu hankali amana, kuma zai tambaye mu a kan su biyun. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, Allah ya datar da ni da kai, darasinmu na wannan karo a kan wata magana ce wadda mutanenmu ba su son a ɗaga ta. Idan yaro ya kashe kansa a unguwa, sai gidansu su ce zazzaɓin dare ɗaya ne, maƙwabta su yi ta raɗa a zaure, liman ya rasa ta cewa, a binne, a watse. Bayan 'yan watanni sai a ji irinta a wata unguwar. Shirun nan bai tsare ran kowa ba. Saboda haka za mu yi maganar a fili, da hujja daga Alƙur'ani da Sunna, tare da abin da masana lafiya suka tabbatar.

Ga abin da nake so ka riƙe tun daga farko. Mutumin da ya haɗa shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa yana cikin waɗanda suka fi kowa kusa da hallaka kansu. Kuma abin takaici, shi ne wanda muka fi saurin kora daga gida, daga majalisa, har daga masallaci.

GIRMAN AL'AMARIN

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ne suke kashe kansu a kowace shekara, mafi yawansu kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. A tsakanin masu shekara 15 zuwa 29, wannan yana cikin manyan abubuwan da suke kawo mutuwa. Duk mutum ɗaya da ya mutu ta haka, akwai wasu da yawa da suka gwada, Allah ya kuɓutar da su. To, kada wani ya ce maka wai wannan cutar Turawa ce.

A nan Nijeriya, binciken shekarar 2018 wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Masu shan wiwi miliyan 10.6, masu shan ƙwayoyin kashe ciwo irin su taramol miliyan 4.6, masu shan ruwan maganin tari miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu da ke sha, ɗaya mace ce. Cikin kowane biyar kuwa, ɗaya abin ya riga ya zame masa cuta. A watan Mayu na shekarar nan ta 2018 ne Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda ɓarnar da ya yi, musamman a garuruwanmu na Arewa. Waɗannan miliyoyin fa 'ya'yan Musulmi suna da yawa a cikinsu, wasu ma a sahu ɗaya muke salla da iyayensu.

YADDA MAYE DA CUTA SUKE HAƊUWA

Annabi (S.A.W.) ya sanar da mu, kamar yadda Muslim ya ruwaito, cewa sunan giya da hukuncinta sun hau kan duk abin da yake sa maye. Sayyidina Umar (R.A.) kuma ya bayyana a kan mumbari cewa ma'aunin shi ne lulluɓe hankali. Watau wiwi, da sholisho, da kodin, da ƙwaya, da zaƙami, da burukutu, duk hukuncinsu ɗaya ne. Amma ta yaya wannan lulluɓewar take kai mutum ga kashe kansa? Ta hanyoyi huɗu ne.

Ta farko, cuta ta riga, sha ya biyo baya. Akwai ciwon damuwa, wanda mutum zai yi makonni cikin baƙin ciki, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Akwai wanda ya ga tashin hankali da idonsa, kamar kisa ko harin 'yan bindiga, abin ya riƙa dawo masa ko'ina yake. Akwai mai jego da ƙunci yake rufewa bayan haihuwa. Irin waɗannan idan ba su samu magani ba, sai wani ya miƙa musu ƙwaya ya ce za ta sa su manta. Za su manta na awa biyu ko uku, sa'an nan ƙuncin ya dawo fiye da da.

Ta biyu, sha ya riga, cuta ta biyo baya. Yawan shan wiwi tun da ƙuruciya yana iya jawo mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su, ko ya riƙa zargin kowa yana nemansa da sharri. Taramol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Giya tana zurfafa ciwon damuwa. Kuma duk sa'ad da abin ya saki mashayi, yakan faɗa cikin wani irin ƙunci da rashin natsuwa wanda sai ya ƙara sha yake jin sauƙi.

Ta uku, maye yana tsinke linzami. Masana sun lura cewa tunanin hallaka kai sau da yawa kamar hadari yake tasowa, ya yi duhu na ɗan lokaci, sa'an nan ya wuce. Mai hankali a jikinsa zai tuna Allah, ya tuna mahaifiyarsa, ya daure har hadarin ya wuce. Wanda yake cikin maye kuwa babu abin da zai tsayar da shi a wannan ɗan lokacin.

Ta huɗu, sha yana raba mutum da jama'a. Aiki ya tafi, aure ya mutu, bashi ya taru, 'yan'uwa su gaji, mutunci ya zube. Dubi Suratul Ma'ida, aya ta 91, inda Allah ya faɗi abin da Shaiɗan yake nufi da giya da caca: jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, da kange su daga ambaton Allah da salla. Ƙarshen wannan hanya shi ne mutum ya wayi gari shi kaɗai, ba ya jin yana da kowa a ƙasa, kuma Shaiɗan yana raya masa cewa a sama ma an rufe masa ƙofa.

HUKUNCIN WANDA YA KASHE KANSA

Babu saɓani tsakanin malamai cewa mutum ya kashe kansa haramun ne, kuma yana cikin manyan zunubai. Allah ya hana shi a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kuma a cikin ayar ya haɗa hanin da ambaton jinƙansa gare mu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) narko mai tsanani a kan wanda ya aikata haka. Annabi (S.A.W.) ya hana ko da burin mutuwa saboda wata cuta da ta samu mutum. Rai ba naka ba ne balle ka ce ka gaji da shi za ka mayar.

Amma ka lura da abu uku, domin jahilci ya yi yawa a nan.

Na ɗaya, aƙidar Ahlus Sunna ita ce wanda ya kashe kansa bai fita daga Musulunci ba, matuƙar bai halatta aikin ba. Allah ya faɗa a Suratun Nisa'i, aya ta 48, cewa abin da bai kai shirka ba yana ƙarƙashin ganin damarsa. Muslim ya ruwaito labarin wani mutumin ƙabilar Dausu da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru (R.A.). Ya yi rashin lafiya a Madina, ya kasa jurewa, ya ji wa kansa rauni a hannu har ya mutu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, an gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannuwansa a lulluɓe. Da aka ba Annabi (S.A.W.) labari, sai ya roƙa wa hannuwan nan ma gafara.

Na biyu, ana yi masa wanka, a yi masa salla, a binne shi a maƙabartar Musulmi. Wannan shi ne ra'ayin Imamu Malik da mafi yawan malamai. Gaskiya ne an ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) bai sallaci wani da ya kashe kansa ba, amma malamai sun bayyana cewa domin tsoratarwa ne, kuma bai hana sahabbai su sallace shi ba.

Na uku, hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Wanda cuta ta rinjayi hankalinsa, Allah ne kaɗai ya san gwargwadon abin da ya rage masa na zaɓi a wannan lokacin. Wanda ya sha da gangan, zunubin sha yana kansa. Amma makomar mutum, aljanna ko wuta, wannan ba aikin mai wa'azi ba ne, ba kuma na 'yan zaman makoki ba.

Kada mai rauni ya ji wannan ya ce an buɗe masa ƙofa. Haramcin yana nan daram. Mun kawo bayanin ne domin a daina yanke wa bayin Allah hukuncin da Allah bai ba mu ba.

YADDA ANNABI YA YI DA MASHAYI

Bukhari ya ruwaito daga Umar (R.A.) cewa akwai wani mutum mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, yana yawan sa Annabi (S.A.W.) dariya. An sha kawo shi saboda shan giya ana yi masa bulala. Wata rana wani ya la'ance shi saboda yawan kawo shi da ake yi. Nan take Annabi ya hana la'antarsa, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. A wani hadisin na Abu Huraira, mutane sun yi wa wani mashayi addu'ar wulaƙanci bayan an hukunta shi, sai Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa yin haka taya Shaiɗan aiki ne a kan ɗan'uwansu.

To, ka duba da kyau. An tsayar da hukunci, ba a ce giya ta halatta ba. Amma ba a kori mutumin daga cikin jama'a ba, ba a kuma yanke masa ƙauna ba. Yanzu ka auna wannan da halinmu. Uba zai ce ya sallama yaro ga duniya. Uwa za ta ce ta tsine masa, alhali Muslim ya ruwaito hani a kan yi wa 'ya'ya muguwar addu'a. Idan ya shigo masallaci da jajayen idanu sai a riƙa janye takalma. Wallahi wannan ba Sunna ba ce. Mu da muke kira a koma ga Sunna a wajen salla da aƙida, ya wajaba mu koma gare ta a nan ma.

Ka tuna kuma giya ba dare ɗaya aka haramta ta ba. An fara da ayar Baƙara ta 219, sa'an nan ayar Nisa'i ta 43, sa'an nan ayar Ma'ida ta 90. Nana A'isha (R.A.) ta bayyana cewa da hanin giya ne ya fara sauka, da mutane sun ƙi bari. Hukunci ya riga ya cika, ba ya komawa baya. Amma darasin tarbiyya yana nan: wanda abu ya kama jikinsa da ƙwaƙwalwarsa yana bukatar lokaci, da haƙuri, da mai riƙe hannunsa.

KURA-KURAN DA MUKE YI DA SUNAN MAGANI

Kuskure na farko shi ne kai maras lafiya wurin boka, ko ɗan bori, ko mai duba. A ce wai jifa ne, kishiya ce ta yi, ko iska ce sai an yi girka. A yanka baƙin bunsuru, a ƙarar da dukiya, a raba zumunta, cuta kuwa tana nan. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Wannan hasarar duniya ce da lahira.

Na biyu, gidan mari. A ɗaure ɗan Adam da sarƙa, a yi ta dukansa, a hana shi abinci, wai ana cire masa shaye-shaye. A watan Satumba na shekarar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, kuma an bankaɗo wasu gidajen a wasu garuruwa bayan haka. Wace aya ce ko wane hadisi ne ya ce a yi wa maras lafiya haka? Wanda ya fito daga irin wannan wuri yakan fito da sabon ciwo a kan tsohon. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta tabbatar wa irin waɗannan marasa lafiya haƙƙinsu.

Na uku, cewa wai duk mai damuwa raunin imani ne ke damunsa. Annabi Yaƙubu (A.S.) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 84. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani irin kunu, ga maras lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda ta ji daga Annabi cewa yana rage baƙin ciki. Watau ana iya taimakon zuciya ta hanyar jiki. Malam Abu Zaidin Albalkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake zuwa haka kawai daga jiki, ya ce na biyun yana bukatar magani. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da ɓangaren masu taɓin hankali. Ashe kai mai ciwon ƙwaƙwalwa asibiti gadon Musulmi ne. A yi ruƙiyya ta shari'a da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata, a kuma sha maganin likita. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

ALAMOMIN DA ZA KA LURA DA SU

Idan kana da mai shaye-shaye ko mai ciwon ƙwaƙwalwa a gida, ka sa ido a kan waɗannan:

1. Yawan maganar mutuwa, ko cewa ya zame wa mutane kaya, ko "kun kusa hutawa da ni".
2. Janyewa daga mutane da kulle kai a ɗaki.
3. Ƙaruwar sha fiye da yadda aka saba gani.
4. Rabar da kayansa, da bin mutane yana neman gafara kamar mai sallama.
5. Rashin barci na kwanaki, ko jin muryoyi suna ba shi umarni.
6. Natsuwa ta farat ɗaya bayan dogon ƙunci, ba tare da wani dalili ba.
7. Wani sabon bugu: saki, kora daga aiki ko makaranta, kamu, ko tonon asiri.

Mafi girman alama ita ce ya taɓa gwadawa a baya. Kada ka ce ai barazana ce kawai. Haka nan makonnin farko bayan an sallamo shi daga asibiti ko gidan gyaran hali lokaci ne mai haɗari ƙwarai.

ABIN DA ZA KA YI

Na ɗaya, ka keɓe da shi, ka tambaye shi kai tsaye cikin taushin murya ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, kuma tana sauke wa mai shi nauyi. Idan ya amsa, ka saurara. Lokacin nan ba na faɗa ba ne, ba kuma na karanto masa ayoyin azaba ba.

Na biyu, kada a bar shi shi kaɗai har sai an ga likita, musamman da dare ko yana cikin maye.

Na uku, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi: magungunan ƙwari da na feshin gona, tarin ƙwayoyin asibiti, da makami. Wannan shi ne toshe ƙofar ɓarna da malamanmu Malikawa suka sani. Ƙasar Sirilanka ta hana magungunan feshi mafiya guba, sai yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015.

Na huɗu, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da wannan sashe. A gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha, domin a yi maganin cutar biyu tare. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kada a yanke shi. Wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayoyin barci, yanke masa farat ɗaya ba tare da likita ba yana iya jawo jijjiga mai haɗari.

Na biyar, idan har ya sha guba, kada a tsaya ɗura masa manja, ko madara, ko ruwan gishiri. A garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar abin da ya sha.

Na shida, kwamitocin masallatai da 'yan agaji su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. A san gidajen da ke da irin waɗannan yara, a ziyarce su cikin sirri, a taimaka da kuɗin magani, a nema wa wanda ya daina sha sana'a. Malamai mata su yi haka a makarantun matan aure. Gidan da abin ya riga ya faru kuwa, a je musu ta'aziyya kamar kowa, domin su ma suna cikin haɗari. Allah ya faɗa a Suratul Ma'ida, aya ta 32, cewa ceton rai ɗaya daidai yake da ceton mutane baki ɗaya.

GARE KA, KAI DA KAKE CIKIN WANNAN HALI

Watakila ɗan littafin nan ya faɗo hannunka alhali kai ne ake magana a kai. To, saurara ɗan'uwana. Muryar da take ce maka ka gama lalacewa, Allah ba zai karɓe ka ba, ƙarya take yi. Buɗe Suratuz Zumar, aya ta 53. Da masu yi wa kansu ɓarna Allah yake magana a wurin, ya kira su bayinsa, ya hana su yanke ƙauna. Ko sau nawa ka tuba ka koma, ka sake tuba. Abin da kake ji cuta ce, kuma tana da magani, mutane da yawa sun warke sun ci gaba da rayuwarsu. Kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai. Yau ɗin nan ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi, mahaifiya, ko yaya, ko liman, ko likita, ka ce ya raka ka asibiti.

Allah ya shiryi 'ya'yanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana hankulanmu da imaninmu, ya sa mu cika da kyau. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.